Tafkin Chadi: Yadda Maƙwabta Huɗu Ke Faman Tsaron Ruwa Ɗaya

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2025 ne rundunar sojan Jamhuriyar Nijar ta bayar da sanarwa cewa ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi, watau rundunar nan da aka ɗora wa alhakin yaƙi da 'yan Boko Haram. Dalilin da aka bayar a Yamai shi ne wai ana bukatar sojojin a gida domin su tsare rijiyoyin man fetur na Agadem da bututun da ke ɗauke da man zuwa gaɓar teku a ƙasar Binin. Ba a yi wani dogon jawabi ba, ba a kuma kira taron shugabanni ba. Amma duk wanda ya san yadda ƙasar take ya san abin da sanarwar ke nufi: ɗaya daga cikin ƙafafu huɗu da rundunar ke tsaye a kansu ta fice, kuma ita ce ƙafar da ke riƙe da bakin kogin Komadugu Yobe, daga Diffa har zuwa Bosso, inda iyakar Nijar da Jihar Borno ba ta wuce faɗin kogin da yara ke tsallakawa da ƙafa da rani ba.

Wannan ba shi ne karo na farko da wata daga cikin ƙasashen nan huɗu, Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ta ja da baya ba. Tarihin zamansu a bakin tafkin nan tun samun mulkin kai tarihi ne na alkawari da fushi da sulhu, har da harbe-harbe a tsakaninsu.

Asalin Hukumar

Ran 22 ga watan Mayu na shekarar 1964 shugabanni huɗu suka hallara a birnin Fort Lamy, wanda tun 1973 ake kira Njamena, suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi. Su ne Firayim Ministan Nijeriya Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shugaba Diori Hamani na Nijar, da Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru, da kuma mai masaukin baƙi Shugaba François Tombalbaye. A wancan zamani ba wanda ke maganar bindiga. Abin da ke gabansu shi ne ruwa: yadda za a raba shi, yadda za a yi noman rani da shi, yadda za a kiyaye kifi da dabbobi, da kuma yadda za a sasanta idan wata ƙasa ta so ta tare wani kogi da ke kwarara cikin tafkin. Daga baya Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta shigo, Libiya ma ta biyo baya a 2008. Hedkwatar hukumar tana Njamena, babban sakatarenta kuwa bisa al'ada ɗan Nijeriya ne, Nijeriya ce kuma ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin gudanar da ita.

Lokacin da aka sa hannu ɗin nan tafkin yana cike maƙil, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Iyakokin da suka ratsa ta cikinsa kuwa layuka ne miƙaƙƙu da Turawan Ingila da Faransa da Jamus suka ja a kan takarda bayan an kashe Rabe a Kusiri cikin 1900, aka raba tsohuwar daular Borno gida uku. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Jamus ta fita, Ingila da Faransa suka sake gyara layin, suka tabbatar da shi da musayar wasiƙu a 1931. Muddin layin yana kwance a ƙarƙashin ruwa ba wanda ya damu da shi, gama Buduma da ke cikin tsibirai da Barebari da Shuwa da Kotoko da ke gaɓa ba su taɓa ganin iyaka a bisa ruwa ba, balle su nemi izinin ƙetare ta.

Ruwa Ya Ja Baya

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 shi ne ya sauya kome. Kogin Shari, wanda shi da reshensa Logon ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin, ya rage ƙarfi ƙwarai. A 1973 wani tudu ya ɓullo a tsakiya ya raba tafkin gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Da fari na biyu ya zo a 1984, kwarin arewa ya ƙafe sarai, buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka sani a 1963 ba. Babban aikin noman rani da Gwamnatin Tarayya ta kashe maƙudan kuɗi ta gina a Sabon Marte ya zauna da magudanai a bushe, don ruwan da aka yi lissafi da shi ya yi nisa.

To, abin da ya zama asara ga injiniya ya zama rabo ga talaka. Ƙasar da ruwan ya bari baƙa ce mai danshi, tana ba da masara da wake ba tare da taki ba. Masunta suka bi ruwa, manoma suka bi masunta, makiyaya suka bi ciyawa, 'yan kasuwa suka bi kowa. Daga cikin masu zuwan nan akwai Hausawa masu yawan gaske, daga ƙasar Sakkwato da Kabi da Haɗeja da Kano da Damagaram. Ƙauyuka suka yi ta tsirowa a kan tsibiran da mutanen wurin ke kira tumbu, aka kuma raɗa musu sunaye irin su Garin Wanzam da Doron Liman da Sabon Tumbu da Ramin Dorina da Fage, har da wani da ake kira Naira. Kasuwar Doron Baga ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kifi na Afirka ta Yamma, manyan motoci na lodin banda daga nan zuwa Anacha da Ikko.

Sai dai mai bin ruwa ba ya duba taswira. Iyaka tana nan inda Turawa suka bar ta, mutane kuwa sun wuce ta da mil da yawa ba su sani ba, hakimai da masu karɓar haraji da 'yan sanda suna biye da su a baya. Nan ne aka shuka rigingimu biyu da suka taso daga baya.

Rikici Da Chadi

Kafin wannan ma Nijeriya ta riga ta tsoma hannu a cikin al'amuran Chadi. Da yaƙin basasa ya kai Njamena a farkon 1979, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta tara shugabannin ɓangarorin a Kano cikin watan Maris, ta kuma aika da sojoji don su raba tsakani, amma cikin 'yan watanni suka dawo ba tare da sun yi wani tasiri ba. A watan Agusta aka sake zama a Ikko, aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa a ƙarƙashin Goukouni Weddeye. Ita ma ba ta yi ƙarko ba. Sojojin Libiya suka shigo a ƙarshen 1980, abin da ya tayar da hankalin Ikko matuƙa, don ba wanda ke son ya wayi gari ya ga tankokin Gaddafi a bakin iyakar Borno. Da Libiya ta janye a ƙarshen 1981, Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta aika da rundunar kiyaye zaman lafiya ta sojojin Nijeriya da Senegal da Zayar a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya. Rundunar tana nan tana kallo Hissène Habré ya kama Njamena ran 7 ga watan Yuni na 1982. Nijeriya ta kwashe sojojinta, ta kuma ɗauki yawancin kuɗin da aka kashe a kanta, don alkawuran taimako da aka yi mata ba su cika ba.

Shekara ba ta zagayo ba sai ga ƙasashen biyu sun fuskanci juna da bindiga. A watan Afrilu na 1983 sojojin Chadi suka hau wasu tsibirai da Nijeriya ke cewa nata ne. Babban kwamandan runduna ta uku da ke Jos, Manjo Janar Muhammadu Buhari, ya tura dakaru suka fatattake su, har suka kutsa cikin ƙasar Chadi, sai da Shugaba Shehu Shagari ya matsa kafin aka dawo da su. An rufe iyaka, Njamena wadda yawancin man feturinta da kayan masarufinta ke bi ta Maiduguri ta ji a jikinta, sa'an nan aka zauna aka sasanta. Babban hafsan sojojin Chadi a lokacin wani matashi ne mai suna Idriss Déby. Shekara talatin da biyu bayan haka waɗannan mutane biyu za su zauna a tebur ɗaya, kowannensu yana shugaban ƙasarsa, suna tsara yadda sojojinsu za su yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa a kan waɗannan tsibirai.

Abin lura a nan shi ne iyakar Nijeriya da Chadi duka-duka ba ta kai kilomita 100 ba, kuma kusan dukkanta a cikin kwarin tafkin take. Rikicin 1983 ne ya sa shugabannin suka umurci hukumar ta sa a auna iyakokin a kafa alamu, aikin da aka yi daga 1988 zuwa 1990.

Shari'ar Darak

Da aka gama awon sai ta bayyana cewa ƙauyuka talatin da uku da ke biyan haraji ga hukumomin Jihar Borno, babbansu Darak, suna cikin ƙasar Kamaru ne. Nijeriya ta ƙi tabbatar da sakamakon. Kamaru, wadda ta riga ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a watan Maris na 1994 a kan tsibirin Bakassi, ta ƙara da batun tafkin a watan Yuni na wannan shekara. Lauyoyin Nijeriya suka kafa hujja da cewa mutanenta ne suka sari wuraren, ita ce ta gina musu makarantu da ɗakunan shan magani, ita ce ke naɗa bulamai, Kamaru kuwa ta yi shiru shekara da shekaru. Kotu ba ta karɓi wannan hujja ba. A hukuncinta na ran 10 ga watan Oktoba na 2002 ta ce inda akwai rubutacciyar yarjejeniya, zama a wuri ba ya soke ta.

Jama'a sun fi tunawa da Bakassi, wadda ba a gama miƙa ta ba sai a watan Agusta na 2008. Amma a bakin tafki aka fara aiwatar da hukuncin: a watan Disamba na 2003 Nijeriya ta sauke tutarta a Darak da sauran ƙauyukan, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Wannan abin yabo ne ga Shugaba Obasanjo da Shugaba Paul Biya. Duk da haka shekaru takwas na shari'a, da artabun da aka yi a Bakassi, sun bar tabo. Shi ya sa da aka fara rundunar haɗin gwiwa Kamaru ba ta shiga ba, kuma ta daɗe tana ƙyamar duk wata magana ta barin sojan Nijeriya ya tsallako ƙasarta da sunan bin sawun ɓarayi.

Ita rundunar ta samo asali ne a 1994, zamanin Janar Sani Abacha, a matsayin runduna ta Nijeriya kaɗai mai maganin 'yan fashi da ɓurɓushin 'yan tawayen Chadi da ke tare hanyoyi a arewacin Borno. A 1998 aka shigo da Chadi da Nijar, aka kafa hedkwata a Baga. Shekaru da dama ba a jin ɗuriyarta, sai dai a shingayen hanya.

Ranar Da Baga Ta Faɗi

Ko da Boko Haram ta ƙarfafa bayan 2009, kowace ƙasa ta ɗauke ta a matsayin ciwon Nijeriya. Abuja ba ta son a ce ta gaza har ta nemi taimakon ƙananan maƙwabta. Maƙwabtan kuwa suna ganin in sun yi shiru wutar ba za ta tsallako ba. Bayan an sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014, shugabannin suka zauna a kan batun a birnin Paris, bisa gayyatar shugaban Faransa, ran 17 ga watan Mayu.

Alkawuran Paris ba su hana kome ba. A ƙarshen 2014 Gamboru da Dikwa da Bama da Gwoza da Damasak da Malam Fatori duk suna hannun 'yan ƙungiyar. Ran 3 ga watan Janairu na 2015 suka afka wa Baga, suka kama hedkwatar rundunar haɗin gwiwar kanta, wadda a lokacin sojojin Nijeriya ne kaɗai suka rage a cikinta. Aka yi kisan gilla a Baga da Doron Baga, dubban mutane suka faɗa cikin kwale-kwale suka nufi Chadi.

Wannan ne ya farkar da Njamena. Ba tausayi kaɗai ya motsa ta ba: hanyar Maiduguri ta riga ta toshe, shanun Chadi ba sa isa kasuwannin Nijeriya, hanyar Duwala ta arewacin Kamaru, wadda ita ce ta rage mata zuwa teku, tana neman yankewa. A tsakiyar Janairu sojojin Chadi suka ƙetara gadar Kusiri zuwa Kamaru, a farkon Fabrairu suka tsallaka daga Fotokol suka ƙwace Gamboru, daga nan suka wuce Dikwa. A watan Maris su da sojojin Nijar suka ƙwato Damasak. Sojojin Nijeriya kuma suka taso daga kudu suka karɓe Baga da Bama da Gwoza, a cikin makonni shida ɗin nan da aka ɗage babban zaɓe dominsu. An yi nasara, amma ba a yi ta da baki ɗaya ba. Shugaba Déby ya fito fili yana ƙorafi cewa sojojinsa suna kama garuruwa a cikin Nijeriya suna jira, ba wanda ya zo ya karɓa, kuma ba ya samun wata magana kai tsaye da rundunar Nijeriya.

Da Janar Buhari ya hau mulki ran 29 ga watan Mayu na 2015, tafiyarsa ta farko zuwa waje Yamai ce, ta biyu Njamena, duk a cikin mako guda. Ran 11 ga watan Yuni aka yi taron ƙoli a Abuja. An kawo shawarar a riƙa karɓa-karɓar kwamanda duk wata shida, shi kuwa ya ƙi, ya ce tun da a ƙasar Nijeriya ake yawancin yaƙin, ɗan Nijeriya ne zai riƙe rundunar har a gama. Aka amince. Nijeriya ta yi alkawarin dala miliyan 100, aka mayar da hedkwata Njamena, aka tsai da yawan dakaru 8,700, ƙasar Binin ma ta ce za ta ba da nata gudummawar. Manjo Janar Tukur Buratai ne kwamanda na farko, kafin a ɗaga shi zuwa babban hafsan sojojin ƙasa bayan 'yan makonni.

Runduna Ɗaya, Iyayengiji Huɗu

A kan takarda an raba fagen daga shiyya huɗu: ta ɗaya a Mora cikin Kamaru, ta biyu a Baga Sola cikin Chadi, ta uku a Baga, daga baya Monguno, cikin Nijeriya, ta huɗu a Diffa cikin Nijar. Tarayyar Afirka ta ba ta izini, Hukumar Raya Tafkin Chadi ce uwar gijiyarta ta fuskar siyasa, watau hukumar da aka kafa don rabon ruwa ta wayi gari tana kula da yaƙi.

A aikace kuwa kowace shiyya sojojin ƙasar ne a cikin ƙasarsu, gwamnatinsu ke biyansu, ita ke ba su makamai, ita kuma suke saurara kafin su motsa. Kwamandan da ke Njamena yana iya tsarawa, yana iya roƙo, amma ba ya iya tilasta wa bataliyar wata ƙasa ta tashi. Ga bambancin harshe, hafsoshin Nijeriya da Ingilishi, sauran da Faransanci, har sau da yawa Hausa ko Barbarci ko Larabcin Shuwa ne ke haɗa ƙananan sojoji a fagen fama. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: tafkin yana kan tsagin manyan ƙungiyoyi biyu ne, Nijeriya da Nijar (kafin ficewarta a 2025) a ƙungiyar ECOWAS ta Afirka ta Yamma, Chadi da Kamaru a ƙungiyar Afirka ta Tsakiya, don haka babu wata babbar inuwa guda da ta rufe su duka. Kuɗin taimako na Tarayyar Turai, yuro miliyan 50 da aka amince da su a 2016, ta hannun Tarayyar Afirka suka biyo, aka kuma daɗe ƙwarai kafin su zama motoci da na'urorin sadarwa.

Saboda haka salon yaƙin ya zama na shara: a taru a yi gagarumin farmaki na 'yan watanni, a kori abokan gaba daga tsibirai, kowa ya koma gida, su kuma su dawo. Su 'yan ƙungiyar sun rabu biyu a 2016, ɓangaren da ake kira ISWAP ya kafa sansani a cikin tumbunan tafkin. Ruwan ma ya taimake su, gama tun shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo, amma bai dawo buɗaɗɗe kamar da ba. Ya zama fadama mai duhun ciyawa da ƙananan hanyoyin ruwa, inda tanka ba ta shiga, jirgin sama kuma ba ya ganin abin da ke ƙasa. Daga nan suka fito suka auka wa Bosso a watan Yuni na 2016, da Metele a watan Nuwamba na 2018, suka sake kama Baga a watan Disamba.

Chadi ce ta fi kowa yawan nuna fushi. A watan Maris na 2020 aka kashe mata sojoji kusan 100 a Bohoma cikin dare ɗaya, asarar da ba ta taɓa yin irinta ba a wannan yaƙi. Shugaba Déby ya tafi bakin tafkin da kansa ya jagoranci ramuwa, da ya gama kuma ya ce Chadi ita kaɗai ke ɗauke da nauyin yaƙin. Shi kansa ya rasu a watan Afrilu na 2021 a wani fagen daban, wajen yaƙi da 'yan tawaye a arewacin Kanem. Ɗansa Mahamat da ya gaje shi ya maimaita kusan wannan magana a ƙarshen 2024, bayan an kashe sojoji wajen 40 a Barkaram, har ya yi barazanar fitar da ƙasarsa daga rundunar. Akwai gaskiya a cikin kukan Chadi, akwai kuma ciniki, don sojojinta su ne babbar hajar da take kai wa kasuwar siyasar duniya.

Juyin Mulkin Yamai

Abin da ya raba Nijar da rundunar bai taso daga tafkin ba. Ran 26 ga watan Yuli na 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin wa'adin mako guda, suka rufe iyakoki, suka kuma ce ba su kawar da yin amfani da ƙarfi ba. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. A Arewa maganar yaƙi ba ta sami karɓuwa ba ko kaɗan. Sanatoci da sarakuna da malamai suka ce iyakar da ta kai kilomita 1,500, wadda ta raba Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, Illela da Ƙonni, ba wurin da za a ja dāga ba ne. Aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, malamai ma suka je. Ba a yi yaƙin ba, an kuma ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma Bazoum bai koma kujerarsa ba, aminci kuma ya riga ya zube.

Ka duba halin da sojan da ke Diffa ya shiga a waɗannan watanni: abokin aikinsa na tsallaken kogi, wanda jiya suke sintiri tare, yau ana cewa mai yiwuwa shi ne zai zo ya yaƙe shi. Nijar ta juya fuskarta yamma, ta ƙulla ƙawance da Mali da Burkina Faso a watan Satumba na 2023, su ukun suka bayar da sanarwar fita daga ECOWAS a watan Janairu na 2024, fitar ta tabbata bayan shekara guda. Sojojin Faransa suka bar Nijar a ƙarshen 2023, na Amurka suka bi su a 2024, tare da jiragen leƙen asirin da ke Agadas. Chadi ma ta sallami sojojin Faransa a watan Janairu na 2025.

An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. A watan Agusta na 2024 babban hafsan tsaron Nijeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou, aka fito da sanarwa mai daɗin ji cewa Nijar za ta koma aiki sosai a cikin rundunar. Wata huɗu bayan haka Janar Tiani, a wata hira da ya yi da harshen Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, zargin da Abuja ta ƙaryata nan take. Da aka zo watan Maris sai sanarwar janyewa. Ziyarar da ministan harkokin wajen Nijeriya Yusuf Maitama Tuggar ya kai Yamai a watan Afrilu na 2025 ta sake buɗe ƙofar magana a kan ciniki da hanyoyi da tsaron iyaka, amma ba ta zo da sanarwar komawar Nijar cikin rundunar ba. A cikin waɗannan watanni ne ISWAP ta tsananta hare-hare, ta kashe sojojin Kamaru a sansanin Wulgo cikin ƙasar Nijeriya, ta auka wa Marte, har Gwamna Babagana Umara Zulum ya fito ya ce Borno tana neman komawa baya.

Masunta Da Manoman Tattasai

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan zaman doya da manja shi ne mutumin da ke cikin kwale-kwale. Tun 2015 gwamnatocin suka ɗauki dabarar toshe wa abokan gaba hanyar abinci da kuɗi. A jihar Diffa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana kamun kifi da cinikin jan tattasai, wanda shi ne dukiyar bakin Komadugu, aka taƙaita sayen taki da mai. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na wannan shekara aka umurci mutanen tsibirai su fice cikin 'yan kwanaki, dubbai suka taka a ƙasa cikin zafin bazara zuwa Ngigmi da Bosso. A ɓangaren Borno aka rufe hanyar Baga da kasuwar kifinta shekara da shekaru. An sassauta yawancin dokokin daga baya, amma kafin nan an riga an koya wa jama'a wani darasi mai haɗari.

Gama su mutanen ISWAP ba su hana su ba. Sun ce kowa ya zo ya yi su, ya yi kiwo, ya yi noma, muddin zai biya haraji, har da takardar shaida. Masunci da ke da iyali a sansanin gudun hijira, ba shi da gona ba shi da jari, ya san in ya shiga tafki yana iya gamuwa da ɓangaren da ke yanka mutane, in ya fito kuma soja na iya kama shi a ce ɗan leƙen asiri ne, amma yunwa ba ta jira. Ta haka kifin da aka hana don a talauta 'yan ta'adda ya koma yana ciyar da su, yana kuma bi ta shingaye huɗu na ƙasashe huɗu, kowane shinge da nasa kuɗin goro.

Shugabannin sun gane wannan, ko da yake a makare. A watan Mayu na 2018 gwamnonin jihohi da lardunan da ke kewaye da tafkin suka yi taronsu na farko a Maiduguri, a watan Agusta kuma hukumar ta amince da wani shiri na farfaɗo da yankin, wanda a ƙarƙashinsa aka sake gina ofisoshin 'yan sanda da kasuwanni da makarantu a wurare irin su Banki da Damasak. Shi wannan zaure na gwamnoni ya fi na shugabannin ƙasa saurin fahimtar juna, don gwamnan Borno da na Diffa da na Arewa Mai Nisa ta Kamaru 'yan gudun hijira ɗaya suke ciyarwa, kasuwa ɗaya suke son buɗewa. A wannan shekara ta 2018 aka yi babban taro a Abuja a kan tsohon mafarkin nan na janyo ruwa daga kogunan ƙasar Kwango a zuba a Shari, tafiyar fiye da kilomita 2,000. Har yanzu ba a haƙa ko taku ɗaya na wannan magudana ba, ita Kwango kuwa, mai ruwan, ba ta cikin hukumar, ba ta kuma ce ta yarda ba.